Idan ɓarawo ya haura gidanka da dare: Abin da doka ta yarje maka da inda ta taka maka birki

A duk unguwar da aka yi fashi, washegari muhawara ɗaya ce ke tashi a teburin mai shayi da shagon aski: da a ce maigidan ya samu sa'a ya sari ɗaya daga cikinsu har ya mutu, me hukuma za ta yi masa? Wani zai ce babu abin da za a yi masa, tunda har gida aka iske shi. Wani kuma ya rantse cewa a ƙasar nan in ka kuskura ka taɓa ɓarawo, kai za a ɗaure, shi kuma ya yi tafiyarsa. Kowanne yana da ɗan abin kamawa a maganarsa, amma duk wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya zai iya shiga uku. Mai ra'ayin farko zai wuce gona da iri ya ƙare a kurkuku, mai na biyu kuma ya naɗe hannu ana cutar da iyalinsa, alhali doka ba ta ce ya yi haka ba.

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 33 ya ba kowa 'yancin rayuwa, har da shi ɓarawon. Sai dai ƙaramin sashe na 2 ya buɗe wata ƙofa: ba za a ce an tauye wa mutum wannan 'yanci ba idan ya mutu sakamakon ƙarfin da ya zama dole a yi amfani da shi, gwargwadon hankali kuma yadda doka ta tsara, wajen kare wani daga farmaki ko kare dukiya. Kalmomi biyu ne ke ɗauke da nauyin zancen, wato "dole" da "gwargwado". Duk shari'ar kare kai da aka yi a kotu, a kansu lauyoyi ke kai ruwa rana.

Doka ba ta bin ka daga garinku

Abu na farko da ya kamata magidanci ya sani shi ne dokar wurin da yake zaune ce ke aiki a kansa. Bakano mai sayar da gwari a Mile 12 ko mai canji a Sabon Ibadan ba dokar Kano za a karanta masa ba. Jihohin Arewa da Abuja suna amfani da kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Yawancin jihohin Kudu suna kan Kiriminal Kod, wanda asalinsa tun 1916 ne, Legas kuma ta yi nata kundin a 2011. Wasu jihohin Arewa, kamar Kaduna a 2017, sun sake wa nasu fasali, saboda haka lambobin sassan kan bambanta ko da ma'anar ta yi kama.

A Final Kod, sashe na 59 zuwa na 67 ne suka yi magana kan kare kai. Sun ba mutum damar kare jikinsa da jikin wani, da dukiyarsa da dukiyar wani. Wato ba sai matarka ko ɗanka ba, in ka ji ihu a gidan maƙwabci ka shiga ka taimaka, doka tana tare da kai. Sashe na 65 ya ce kare jiki zai iya kaiwa har ga kisa a yanayi uku: farmakin da mai hankali zai ji tsoron zai kai ga mutuwa ko mummunan rauni, yunƙurin fyaɗe, da yunƙurin sace mutum. Iyaye mata su lura da na biyun. Macen da wani ya kutsa ɗakinta da niyyar keta mata haddi ba ta da wajibin tsayawa ta auna ko taɓaryar da ta ɗauka ta yi nauyi.

Sashe na 66 kuma shi ne na dukiya. Ya yarda kariya ta kai ga kisa idan fashi ne, ko fasa gida da dare, ko yunƙurin cinna wa mazauni ko ma'ajiyar kaya wuta, ko sata da kutsen da suka zo da yanayin da mutum zai ji tsoron rai ko mummunan rauni. Abin lura shi ne sata zalla ba ta cikin jerin. Yaron da ya zari wayarka daga kan tabarma da tsakar rana ya ruga, ɓarawo ne, amma ba a halatta maka jininsa ba.

A Kudu, sashe na 282 na Kiriminal Kod ya keɓe wa gida matsayi na musamman. Duk wanda ke zaune a gida cikin lumana, mallakinsa ne ko haya yake, yana iya amfani da ƙarfin da ya ga ya zama dole, bisa dalilin da hankali zai karɓa, don hana wani fasa gidan da niyyar aikata laifi, dare ne ko rana. Sashen bai tsaya kan maigida kaɗai ba, ya haɗa da wanda ke taimaka masa ko yake aiki da izininsa. Wannan ya shafi dubban 'yan uwanmu masu aikin gadi a Legas da Fatakwal da Inugu da Benin: mai gadi yana ƙarƙashin wannan inuwa matuƙar ana ƙoƙarin fasa gidan da aka ba shi amana. Amma sassan da suka biyo baya, waɗanda suka yi magana kan kare kaya irin su janareto ko babur daga mai son ɗauka, sun gindaya sharaɗin kada a yi wa mutumin lahani. Kana iya riƙe shi, ka ƙwace kayanka, ka tura shi waje. Sara da suka sai in shi ne ya juyo da makami. A nan ne sashe na 286 ke shigowa, wanda ya ce idan farmakin ya kai a ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni, kuma babu wata hanyar tsira, mutum na iya yin duk abin da ya zama dole ko da zai kai ga kisa.

Idan aka tattara, dokar ba ta da rowa kamar yadda ake zato. Mutumin da aka ɓalle masa ƙofa da ƙarfe biyu na dare, ya ga ƙato da adda a tsakar gidansa, kundin Arewa da na Kudu duk sun ba shi fili mai faɗi. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne 'yan mintocin da ke biyo baya.

Lokacin da 'yancin ke ƙarewa

'Yancin kare kai yana da rai ne muddin haɗarin yana nan. Da zarar haɗarin ya gushe, shi ma ya mutu. Sashe na 62 na Final Kod ya ce ba a yarda a yi lahanin da ya wuce abin da kariya ke buƙata ba, na 63 kuma ya ce babu wannan 'yanci idan akwai lokacin neman taimakon hukuma. A Kiriminal Kod, sashe na 298 ya ɗora wa mutum alhakin duk abin da ya ƙara a kan ƙarfin da aka yarje masa.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili a 'yan shekarun nan ita ce ta Sunday Jackson, wani manomi a Jihar Adamawa. A 2015 wani makiyayi ya far masa da wuƙa a gonarsa har ya ji masa rauni. Suka yi kokawa, Jackson ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya, mutumin ya mutu. A 2021 Babbar Kotun Jiha da ke Yola ta yanke masa hukuncin kisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, sannan a watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ita ma ta tabbatar. Hujjar mafi rinjayen alƙalan ita ce tunda ya raba maharin da makaminsa, haɗarin ya ragu, kuma yana da damar gudu. Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ce ta saɓa musu, tana ganin ba daidai ba ne a nemi mutumin da aka riga aka raunata ya juya baya ya gudu. Sai a watan Disamba na 2025 Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kimanin shekara 10 a tsare.

Ba rikicin manoma da makiyaya ne ya kawo wannan misali nan ba, kuma da makiyayin ne ya ƙwace wuƙar, ma'aunin ɗaya ne. A ganina ra'ayin Mai Shari'a Ogunwumiju ya fi kusa da yadda ɗan Adam yake: mutumin da jini ke zuba a jikinsa, zuciyarsa na bugawa kamar za ta fito, ba ya da sukunin lissafin da alƙali zai yi a kan kujera shekaru bayan haka. Amma ra'ayin mafi rinjaye shi ne hukunci, kuma shi ƙananan kotuna za su duba. Gaskiya ne gona ba gida ba ce, kuma wanda aka tarar a ɗakin kwanansa da 'ya'ya a bayansa yana da hujja mai ƙarfi cewa babu inda zai gudu. Duk da haka tambayoyin da kotu ke yi ba sa canzawa: kai ka tsokano faɗan? Akwai haɗari na gaske ga rai a daidai wannan lokaci? Akwai hanyar tsira da ba ta da haɗari? Kisan ya zama dole?

Mu sauko da maganar cikin gida. Ɓarawo ya ji motsinka ya juya ya kama katanga zai tsallake, ka bi shi ka sare shi a baya: wannan ramuwa ce, kuma likitan da zai duba gawar zai rubuta ta inda makamin ya shiga. Ka buge shi ya faɗi, addarsa ta yi gefe, ka ci gaba da kirɓa: bugun farko kariya ne, na biyar da na shida kai za ka amsa su. Kun taru kun ɗaure shi da igiya a jikin turken lantarki: daga wannan lokaci fursuna ne a hannunku, duk abin da ya same shi a wuyanku yake. Doka ta ba farar hula damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma da sharaɗin miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba.

Final Kod ya ɗan sassauta wa wanda ya wuce iyaka da kyakkyawar niyya. Sashe na 222 ya ce idan mutum yana kare kansa ne da gaske, ba da shiri ko niyyar yin ɓarnar da ta wuce buƙata ba, sai ya zarce har ya yi kisa, laifinsa ba na hukuncin kisa ba ne. Sai dai sassaucin na iya zama ɗaurin rai da rai, ba sallama ba.

Game da taron dangi kuwa, babu sashen da ya san shi. A watan Oktoba na 2012 jama'a suka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu bisa zargin sata, kuma a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan haka. A ƙarshen Maris na 2025 aka tare mafarauta da ke hanyarsu daga Jihar Ribas zuwa Kano don bikin Sallah a garin Uromi na Jihar Edo, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Waɗanda suka yi wannan aika-aika su ma cewa za su yi garinsu suke karewa. Bahaushen da ke zaune a Kudu ya fi kowa sanin cewa ihun "ɓarawo" ba ya tambayar shaida, kuma baƙo ne ya fi saurin zama abin zargi. Wanda ya san haka bai kamata a ga hannunsa a cikin irin wannan taro ba, ko a unguwarsu ne.

Wani abin da ke rikita matasa shi ne bidiyoyin Amurka da ke yawo a Facebook da TikTok, inda maigida ke harbe mai kutse a sallame shi a ranar. Wasu jihohin can, irin su Florida tun 2005, sun yi dokokin da suka cire wa mutum wajibin ja da baya. Wannan dokarsu ce, babu alƙalin Ikeja ko na Kaduna da zai karɓe ta.

Ba kowane mai buga ƙofa ne ɓarawo ba

Yawancin gidajenmu a birane na haya ne, ɗaki-ɗaki, banɗaki ɗaya, ƙofar shiga ɗaya. A irin wannan gida inuwar da ka gani da dare tana iya zama ɗan maƙwabci da ya dawo daga kallon ƙwallo ya tarar an kulle, ko ƙaninka da ya sauka daga motar dare wayarsa ta mutu. Doka tana duba ko tsoronka yana da dalilin da mai hankali zai yarda da shi, amma ko kotu ta wanke ka, ba za ta dawo maka da yaron ba. Haska tocila ka ɗaga murya ka tambaya kafin hannu ya motsa. Ihu da fito da buga ƙarfe sun kori ɓarayi da yawa fiye da adda.

Haka nan masu jona wayar lantarki a ƙarafunan taga ko ƙofar shago. Waya ba ta da idon da za ta bambance ɗan fashi da yaron da ya zo ɗaukar ƙwallonsa, ko matar da ta zo shanya bayan an yi ruwa. In ta kashe irin waɗannan, babu maganar kare kai, domin babu wanda ya kawo maka hari. Su kansu ƙarafunan tagar, in aka yi musu walda ko'ina babu mafita, ranar gobara su ne ke zama kejin da ke riƙe iyali. A bar aƙalla taga ɗaya mai buɗewa daga ciki, kuma kowa a gidan, har yara masu wayo, ya san inda makullinta yake.

Mai bin ka bashi da ya zo yana zage-zage a ƙofa ba ɗan fashi ba ne. Mai gidan haya da ya zo da 'yan daba zai watsar maka da kaya ya karya doka, domin a Legas dokar haya ta 2011 ta ɗauki fitar da ɗan haya da ƙarfi ba da umarnin kotu ba a matsayin laifi. Amma maganinsa ofishin 'yan sanda da kotu ne, tunda akwai lokacin zuwa can. In ka fito masa da wuƙa, ka mayar da ƙararka ta zama tasa.

Idan kuma jami'an tsaro ne, sashe na 64 na Final Kod ya taƙaita 'yancin kare kai a kan ma'aikacin hukuma da ke aikinsa da kyakkyawar niyya, sai in abin ya kai ga tsoron rai ko mummunan rauni. Matsalar ita ce 'yan fashi ma suna sa kaki. Kana da damar tambayar katin shaida da takardar izinin bincike ta bayan ƙofa, ka kira ofishin 'yan sandan yankinku ka tabbatar, ka tashi maƙwabta su zama shaida. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ma tanadi cewa idan wurin da za a shiga na macen da ba ta fita bainar jama'a ne bisa al'ada ko addini, sai an sanar da ita an ba ta damar kaucewa. Ta kuma hana kama wani a madadin wani, wato ba a ɗaukar mata don an rasa mijinta.

Batun bindiga

Kiran a tashi a kare kai ba sabo ba ne. Janar T.Y. Danjuma ya yi shi a Jalingo a 2018, Gwamna Aminu Masari ya yi a Katsina a 2021, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga a 2022. Babu ɗaya daga cikin waɗannan kalamai da ya canza Dokar Makamai ta 1959. Ita ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, har da ƙaramar bindiga fistol, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na farauta irin mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka ma, wadda mutane ke ɗauka kamar fartanya, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yana iya ba da umarnin hana riƙe ta ba tare da lasisi ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisi.

Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne mai zaman kansa, kuma dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun. Saboda haka mutum zai iya tsira daga tuhumar kisa ya faɗa ta makami. Ga kuma abin da shafin iyali ba zai tsallake ba: bindiga tana kwana a gida dare dubu kafin ɓarawo ya zo sau ɗaya, in ma ya zo. A duk waɗannan darare akwai yara masu bincike a ƙarƙashin katifa, akwai saɓanin miji da mata, akwai matashin da ransa ya ɓaci.

Idan mai dukan ɗan gida ne

Sassan kare kai ba su cire miji ko uba ko wa daga cikin waɗanda ake iya karewa daga gare su ba. Matar da mijinta ya shaƙe ta ko ya ɗauko mata makami tana da 'yancin ƙwatar ranta kamar kowa. Amma ma'aunin lokaci yana nan daram. Wadda aka doka da yamma, ta bari ya yi barci ta tafasa ruwa ko mai ta sheƙa masa, ba kare kai ta yi ba a idon kotu, komai yawan shekarun da ta yi tana haƙuri. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya watsa wa wani asid ko wani ruwa mai lahani. Haka shi ma namijin da ya karya wa matarsa hannu don ta mare shi ba zai ce kariya ya yi ba.

Wannan doka ta 2015, wadda ta fara daga Abuja kuma jihohi da dama suka karɓa, ta ba da damar neman umarnin kariya daga kotu, wanda zai hana mai cin zarafin kusantar wadda yake cuta. Legas tana da tata dokar tun 2007, da hukuma ta musamman mai kula da rikicin cikin gida da fyaɗe. Dangi da ke mayar da mace ɗakinta da kumburarriyar fuska suna cewa ta yi haƙuri, su sani wani lokaci gawa suke shiryawa, tata ko tasa.

Bayan ƙura ta lafa

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, a Legas kuma akwai 767. Ka kira da kanka, kuma ka kira da wuri. Wanda ya fara kai rahoto da wanda aka zo aka tarar da gawa a bayan gidansa ba kallo ɗaya ake yi musu ba. Kada a ja gawa zuwa titi, kada a wanke jini, kada a ɗauke makamin maharin daga inda ya faɗi. A ɗauki hoton ƙofar da aka ɓalle da raunukan da ke jikin mutanen gida.

Wanda ke zubar da jini, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In wuƙa ta maƙale a jiki kada a zare ta, a tallafe ta da tsumma a garzaya asibiti. Ban da zuba toka ko fetur ko garin magani a rauni. Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Wannan ya haɗa da maharin da ka raunata. Nema masa magani, ko da zuciya ba ta so, yana daga cikin abin da zai nuna wa kotu cewa ba ransa ka nema ba. Kai ma ka je a duba ka a rubuta rahoton likita ko raunin ƙarami ne, domin ƙujewar da za ta warke cikin mako guda ita ce shaidarka bayan shekara uku.

In an yi wa wata fyaɗe, maganin kariya daga cutar HIV yana aiki ne idan aka fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana biyar. A kai ta asibiti kafin ta yi wanka in zai yiwu, a tafi da tufafin da ke jikinta. A Legas akwai Cibiyar Mirabel a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar da ke Ikeja, wadda ke wannan aiki kyauta tun 2013. Ɓoye abin don gudun surutu yana cinye waɗannan awanni.

Sai ofishin 'yan sanda. Idan rai ya salwanta, ka sa a ranka za a tsare ka ko da kai ke da gaskiya. Ƙa'idar kai mutum kotu cikin awa 24 ko 48 da ke sashe na 35 na Tsarin Mulki ba ta aiki yadda aka saba a kan wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Majistare kan tura mutum gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a, beli kuma sai Babbar Kotu. Ka kuma sani cewa duk wanda ya ce kare kansa ya yi, ya amsa cewa shi ya aikata ke nan, ba a haɗa wannan da "ba ni ba ne". In kariyar ta tabbata, sallama ce gaba ɗaya, kuma masu gabatar da ƙara ne ke da nauyin rushe ta.

Takardar bayanin farko ita ce ta fi komai haɗari. A shari'ar Jackson, bayanin da aka rubuta a wurin 'yan sanda yana cikin abin da kotu ta dogara da shi. Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wani wanda ka zaɓa. Dokar 2015 ta ce a ɗauki bayani a gaban lauyanka, in kuma ba ka jin Turanci a samo tafinta, ya karanta maka abin da aka rubuta, shi ma ya sa hannu. Mai gadi ko ɗan acaɓa da ya yi bayani da guntun Burokan, wani ya rubuta da Turanci, shi kuma ya dangwala yatsa, bai san ko "na ture shi ya faɗi" ta koma "na bi shi na kashe shi" ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi na garin. Fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su yi wa jama'arsu babban aiki in suka ajiye lambar lauya ɗaya da tafinta ɗaya da za a iya tasa da tsakar dare.

Yaran da abin ya faru a gabansu su ma sun ji rauni, ko ba a ga jini ba. Wani zai koma fitsarin kwance, wani ya riƙa firgita cikin barci, wani ya ƙi rabuwa da uwarsa ko ya daina magana sosai. Kada a yi musu tsawa ko dariya, kada kuma a riƙa maimaita labarin dalla-dalla a gabansu duk lokacin da masu jaje suka shigo. A bar su su kwana kusa da manya, a mayar da su makaranta da wasa da wuri. Idan wata guda ya wuce abin bai ragu ba, ga yaro ko ga babba, har da shi maigidan da ya kasa barci tun ranar, a ga likita. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a Legas, Aro a Abekuta, Uselu a Benin, Inugu, Kalaba da Barnawa a Kaduna duk suna duba masu irin wannan firgici, kuma likitan babban asibitin da ke kusa zai iya rubuta takardar turawa.